Kwano Bakwai na Inna Ummuhani

Kuma don Allah kar wani ya zo yana ce min ai ciyayya zumunci ce, al'adar iyaye ce, abu ne mai daɗi. Na ji. Amma kai mai faɗar, ka taɓa tsugunawa gaban murhu ƙarfe uku na rana da azumi a bakinka, hayaƙi na cika maka ido, mai na fallatsar maka a hannu, kana soya abin da ko lasa ba za ka yi ba? Ba ka taɓa ba. Kai dai ka ji ladan ya ce Allahu akbar, ka buɗe kwano, ka yatsina fuska ka ce kunun yau ya cika tsami. To gyara zama ka ji abin da ya samu Inna Ummuhani ta layinmu a nan Tudun Wada.

In kai baƙo ne, ga yadda abin yake. Da azumi gida da gida suna musayar abin buɗa-baki. Ki dama kununki, ki soya ƙosanki, ki zuba a kwano ki kai gidan wance. Ita ma ta aiko miki da nata. Ki juye, ki wanke mata kwanonta, ya kwana a wurinki, gobe ki mayar mata da shi da wani abu a ciki. Kwano ba ya komawa gidansu wayam. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma ba macen da ta isa ta taka ta.

Inna Ummuhani gida bakwai take ciyayya da su. Bakwai fa.

'Yar Tudun Jukun ce, gajeriya, baƙa, mai wushirya da bakin tsiwa. Aka kawo ta Tudun Wada tana amarya, gidan Malam Labaran mai gyaran keken ɗinki. Azuminta na farko a gidan, uwar mijinta ta tura mata kwanuka uku da ƙafa, ta ce, "Gidajen nan muna ciyayya da su tun ba a haifi mijinki ba. Ki riƙe." Ta kuwa riƙe. Uku suka zama biyar, biyar suka zama bakwai. Ta yi ciyayya da tsohon ciki, ta yi da goyo a baya. Ta yi shekarar da Malam Labaran ya kwanta jinya, tana soya ƙosai tana leƙa shi ta taga. Shekarar da ya rasu azumi ya same ta cikin takaba, ba ta fita, amma ta kan katanga take miƙa kwanuka ana wucewa da su. Shekara talatin da ɗoriya, ba a taɓa shan ruwa a layin nan ba tare da kwanonta ya shiga gidajen nan bakwai ba.

Kuma ba wai tana yin abubuwa barkatai ba ne. Abu biyu ne kawai. Kunun tsamiya mai gaya, wanda ya ji citta da kanumfari da masoro, in ka kurɓa sai zufa ta tsattsafo maka a goshi, yunwa ta kwanta a hankali ba tare da ciki ya murɗa ba. Sai ƙosai. Shi kuwa ƙosai duk wadda ta iya ta san a bugu yake. Ƙullun nan sai ta sa muciya ta buga, ta buga, ta buga, har ya yi fari ya tashi, in ta ɗiga a ruwa ya taso sama. Sannan ya shiga mai. Ka ɗauki guda ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba.

'Ya'yanta biyu. Mahmudu, ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce mutumin Kaduna, don can yake aiki. Sai Bilkisu da ke aure a Kwangila, ga tagwaye, ga dangin miji cike da gida. Mutumin Kaduna bai gaza ba. Tun Sha'aban yake aiko da gero da wake da sukari da jarkar mai. Kaya na nan jibge a ɗaki. Abin da ya ƙare mata ba a aiko shi a mota.

Kafaɗarta ta dama ce. Tun watan Rajab ta fara, kamar wasa, in ta ɗaga hannu za ta ɗaura ɗankwali sai ta ji kamar an soka mata allura. Bilkisu ta kai ta asibiti, likita ya latsa nan ya latsa can, ya ce ta daina daka, ta daina ɗaukar abu mai nauyi, ta daina duk abin da za ta riƙa juya hannu.

A Keke Napep suna dawowa Bilkisu ta ce, "To Inna, bana sai a haƙura da ciyayyar nan. Ki gaya musu kawai. Ai za su riƙa aiko miki."

Inna Ummuhani ta juyo ta kalle ta sama da ƙasa.

"Su riƙa aiko min? Ke yarinya, abincin da ya shigo gida iri biyu ne. Akwai wanda ya shigo wani ya fita, wannan ciyayya ce, ni da mai shi kafaɗarmu ɗaya. Akwai wanda ya shigo ba abin da ya fita. Wannan sunansa sadaka. Ubanki ya mutu ban ci ba, sai yanzu don kafaɗa?"

"Inna, lalura ce fa."

"In na ji maganar nan a bakin wani, ke kika faɗa, kuma ban yafe ba."

Bilkisu ta bar maganar, don ta san uwarta.

Azumin bara ne, wanda ya faɗo tsakiyar zafi, kwanon rufin gidaje yana ƙara da rana kamar ana soya shi. Ran farko ta kai wake inji aka ɓarza, ta wanke, aka markaɗa, ta zauna bugu da hannun hagu. Hagu ba ta san aikin ba. Ƙosan ya fito a kwance, ya sha mai, nauyi kamar dutsen guga. Ta kai a haka, ta ce waken bana ne ba kyau. Rana ta biyu ta zo sheƙa tafasasshen ruwa a babbar robar kunu, hannun ya sake, Allah ne ya tsare ƙafarta, rabin ruwan ya bi kwata. Ta sayo ƙosai a bakin titi kuwa ba zai yiwu ba, don mai ƙosan ta san kowa, kafin la'asar labari ya gama layi.

Rana ta uku, la'asar ta wuce, tana zaune a kan turmi, ba ta yi komai ba sai ɗan kunu a ƙaramar tukunya, wanda hagu za ta iya ɗauka. Kwanukan mutane sun fara shigowa, ana sallama ana direwa a zaure. Ta jawo su tana buɗewa. Wannan doya da ƙwai. Wannan alale. Wannan kunun gyaɗa. Wannan funkaso. Ta kalli abincin, ta kalli kwanukan da za ta mayar suna kife a kwando, wankakku, ba komai a ciki. Ta sake kallon abincin.

"Astagfirullah," in ji ta. Sai kuma ta jawo cokali.

Kar ka ɗauka abin da sauƙi, wai ka juye na wannan ka kai wa wancan. In haka ne da rana ɗaya za a kama ta. Ai ba da ita kaɗai suke ciyayya ba, su ma suna yi a tsakaninsu. In ta ɗauki doyar gidan mai kemis ta kai gidan Nufawa, alhali mai kemis ma ta aika musu, to doya iri ɗaya za ta haɗu a tabarma ɗaya. Dole sai ta san wa ke yi da wa, wa ba ta yi da wa. Kuma ta sani, don shekara talatin ba abin da ya wuce ta a layin nan.

Gidan Liman kowa na aika musu, su ma suna aika wa kowa. Don haka ba abin da za ta kai musu sai ɗan kununta na gaskiya. Abincinsu kuma ba inda za shi sai cikinta. Fate ne kuwa. Kullum fate. Matar Liman cikakkiyar Bazazzagiya ce, ko Sallah aka yi ba ta ga dalilin canjawa ba. Gidaje huɗu cikin sauran shidan sai ta yi ta juya su a kai, wannan zuwa can, wancan zuwa nan.

Hanya ɗaya ce ba ta taɓa ba ta ciwon kai ba, ita ce tsakanin Hajiya Juwairiyya da Mahbuba.

Hajiya Juwairiyya aminiyarta ce, gidansu na kallon juna, kusan tare aka kawo su layin. Mahbuba kuwa matar Kailani direba ce, ba ta kai su shekaru ba, amma bakinta ya girme su duka. Shekara huɗu ke nan Hajiya da Mahbuba ba sa ga maciji, tun ranar da akuyar Hajiya ta shiga ta cinye shanyar geron Mahbuba, Mahbuba ta ɗaure akuyar ta ce sai an zo da mai unguwa. Ko gaisuwa babu, balle kwano. Don haka kullum Inna Ummuhani sai ta juye na Hajiya ta kai wa Mahbuba, ta juye na Mahbuba ta kai wa Hajiya, hankali kwance.

Tana ɗan yi wa abincin kwaskwarima. Alale ta yanka shi ƙanana ta barbaɗa yaji da albasa. Kunun gyaɗa ta matsa masa lemon tsami. Doya ta yanka mata tumatur a kai. In an ce, "Inna, ina ƙosanmu?" sai ta ce, "Na gaji da ƙosai. Bana zamani nake yi."

Ran nan Hajiya ta tare ta a zaure. "Hani, wannan alalen naki na bana wa ya koya miki? Alhaji har cewa ya yi a ƙaro."

"A waya na gani."

"Wace wayar? Taki da ko hoto ba ta yi?"

"Ta Bilki. Ke dai ci ki yi shiru."

Ita kuwa Mahbuba in ta buɗe kwano sai ta ce, "Kai Inna, funkasonki duniya ne. Ba irin na wasu ba, ga Makka an je, ga haƙorin zinare, amma hannu ba albarka." Tana faɗa tana nuna gidan Hajiya da baki.

Abin dariya ne, amma Inna Ummuhani ba ta da ƙarfin dariyar. Da, ita ce ta farkon kai kwano, ana idar da la'asar nata ya shiga. Yanzu dole ta jira na kowa ya iso, don haka ita ce ta ƙarshe. Rabin awar nan ta kafin magariba, lokacin da mai azumi ko magana ba ya son yi, lokacin take sawu huɗu a layi, kwano ɗaya a ka, ɗaya a hannun hagu, hannun dama a maƙale cikin mayafi kamar na aro. Leɓe ya bushe, idanu na ganin duhu-duhu. Ta dawo ta zube a tabarma, ladan ya kira, ta sa dabino ɗaya a baki, ta sha ruwan randa, ta jawo faten gidan Liman da ya riga ya huce. Farfesu ya ratsa gidanta, kunun gyaɗa ya ratsa, kankana ta ratsa, ba abin da ya tsaya.

Zuwa goma ga wata kanta ya fi kafaɗar gajiya. Tana sallar la'asar tana lissafin wa zai samu na wa. Sau nawa tana sallamewa ba ta san raka'a uku ta yi ko huɗu ba, sai ta yi ba'adi ta nemi gafara. Tafsirin mata da ake yi da hantsi a Islamiyyar bayan layi, wanda ba ta taɓa fashi ba, ta daina zuwa. Lokacin ne kawai kafaɗar ke barinta ta ɗan runtsa. Kullum in ta kife kwanuka sai ta ce, saura kaza. Ba Sallar take ɗoki ba. So take kawai a ga wata ba wanda ya gane.

Ran sha takwas ga azumi, Mahbuba ta aiko da alale, Hajiya ta aiko da funkaso. Funkason Hajiya ba ya ɓuya, tun da ta dawo daga Makka take zuba masa habbatussauda, baƙi-baƙi a jiki. Inna Ummuhani ta yi yadda ta saba. Ta juye alalen a kwanonta ta tsallaka ta dire a zauren Hajiya, ta dawo ta juye funkason a wani kwanon nata, ta nufi gidan Mahbuba.

Ta tarar da ita a tsakar gida tana tace zoɓo.

"Sannu Inna. Yau ma ke ce ta ƙarshe. Dire nan kan tabarma."

Ta sunkuya za ta dire, sai idonta ya faɗa kan wata samira mai jar fulawa, murfin ya ɗan lotsa a gefe. Ta san samirar nan kamar yunwar cikinta.

"Wannan fa? Ba ta Hajiya ba ce?"

"Au, ba ki ji ba? Ai ke kin daina zuwa tafsiri. Mun shirya! Jiya malama ta yi ta faɗa a kan masu gaba da azumi a baki, har jikina ya yi sanyi. Ina ɗagowa sai ga Hajiya ta miƙo min hannu. Muka sha kukanmu muka share. Yau ta aiko min, ni ma na aika mata alalena."

Inna Ummuhani ta yi saurin lissafi. Alalen nan yanzu kwano biyu ne a gidan Hajiya, ɗaya ita ta kai da hannunta. Ta yi wuf za ta ɗauke nata kwanon.

"Bari, na yi kuskure. Wannan na gidan Liman ne."

"Haba Inna, bari dai in ga abin da Liman zai ci ni ban ci ba."

Kafin ta hana, Mahbuba ta cire murfi. Ta kalla. Ta miƙa hannu ta buɗe samirar Hajiya. Ta kalli wannan, ta kalli wancan. Girma ɗaya, huda ɗaya, baƙi-baƙin nan iri ɗaya.

"Ikon Allah. Inna, ke ma Makkan kika je ba mu sani ba?"

Inna Ummuhani ta kai hannu za ta mayar da murfin.

"Tsaya. Tsaya tukuna." Mahbuba ta ajiye rariya. "Wato funkason da nake ta ci tun farkon azumi, ina ci ina zagin Hajiya..." Sai ta dafe ciki. Dariya ta kayar da ita zaune a ƙasa, tana buga cinya, hawaye na zuba. "Wayyo Allah cikina! Kailani, fito ka ji! Ashe girkin Hajiya ne ya sa ka ƙiba!"

Inna Ummuhani ta gyara mayafi da hagu ta fita. A tsakiyar layi kiran salla ya same ta, ba dabino ba ruwa. Ta tsaya jikin katangar wani gida har ladan ya gama, sannan ta ƙarasa.

Washegari da hantsi sai ga sallamar Hajiya Juwairiyya, da hijabinta na zuwa tafsiri.

"Ina shugabar tasha? Na zo a yi min lodin kaya zuwa gidan Mahbuba, nawa ne kuɗin mota?"

"Hajiya, azumi nake, ba na son wasa."

"Ni kika mayar abin wasa ai. Kwana goma sha biyar ina cin girkin yarinyar nan ina sa miki albarka. Alhaji har cewa yake in zo in koya a wurinki." Ta zauna bakin gado tana dariya. Da ta ga ita kaɗai ke yi, sai ta tsaya. Ta ƙura mata ido. "Ɗaga hannunki na dama."

"Don me?"

"Ɗaga, na ce."

Inna Ummuhani ta ɗaga. Ya zo daidai ƙirji ya tsaya. Ta cije leɓe ta ƙara turawa, zufa ta karyo mata, hannun ya faɗo kan cinya.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Rajab."

"Rajab! Hani, ni na yi miki wankan jegon Bilki. Ni na zauna da ke ranar da aka fita da Malam. Shi ne za ki ɓoye min hannu, kina yawo da kwanukan mutane kamar mara gata?"

"Da na gaya miki me za ki yi?"

"In taimake ki mana!"

"To shi ne ba na so."

Can Inna Ummuhani ta matso, murya ƙasa-ƙasa, irin muryar da ba wanda ya taɓa ji a bakinta.

"Ki ji, Hajiya. Kunu zan iya. Da hagu, a ƙaramar tukunya, in dama sau uku. Kowa ya samu ludayi huɗu-huɗu. Ba yawa, amma nawa ne, ba na wani ba. Ke dai ki ja wa Mahbuba kunne ta rufe bakinta. Kwana nawa ya rage? Ki bar ni in ƙarasa da mutuncina."

Hajiya ta share ido da gefen hijabi. "Ki bar komai a hannuna. Kwantar da hankalinki, kin ji?" Ta miƙe, ta hango kwanonta a kwando, ta ɗauka. "Bari in wuce da wannan tunda na zo."

"Wayam?"

"Ke dai Hani kin cika magana."

Ranar, ana idar da azahar ta hura wuta. Ta tace tsamiya, ta dama gari, ta murza gaya da yatsun hagu. Tukunya ta farko ta sauka lafiya. Ta biyu ma haka. Ƙamshin citta ya cika gidan, har ta ji kanta ya yi sakayau, don yau ba lissafin wa zai samu na wa. Tana ɗora ta uku sai ga Mahbuba ta shigo, ɗauke da kwanuka a jere tun daga ciki har haɓa.

Kwanukan Inna Ummuhani ne, duk bakwai ɗin. Wankakku, har an goge musu gindi da toka. Ta dire su, suka yi ƙarar abin da ba komai a ciki.

"Inna, ki yafe min dariyar jiya, wallahi ban san lalura ba ce. Hajiya ta yi bayani a tafsiri."

"A tafsiri?"

"Gaban kowa. Ta ce baiwar Allah nan shekara talatin tana ciyar da mu, yau hannunta ya mutu tana ɓoyewa. Inna, mata har kuka. Malama ta ce daga yau an ɗauke miki, ba ke ba murhu. Ni aka sa in tattaro naki in karɓi na mutane."

"Hannuna bai mutu ba. Ga kunu can na dama."

"Ayya Inna. Ki sha abinki." Tana magana tana kwashe kwanukan mutane daga kwando.

Bayan la'asar aka fara sallama. Ba ƙarar murfi ko ɗaya. Leda ce. Baƙar leda, farar leda, da 'yar robar nan ta shan-ka-jefar da ake zuba abincin biki. Farfesun kaza a leda. Kunun gyaɗa a ƙulle a leda. Dankali da ƙwai, kankana, lemo, har da ƙanƙara. Kuma ba gida bakwai ba. Gidajen da ba ta taɓa haɗa kwano da su ba, har daga layin baya, har matar da suka taso daga Dutsen Abba wata biyu da suka wuce, wadda ko sunanta ba ta sani ba. Kowa ya dire sai ya ce, "Inna, ba sai kin dawo da komai ba. A sa mu a addu'a."

Ta tsaya a kansu ta daɗe. Sai ta ɗauki kwanonta guda, ta cika shi da kunu mai zafi, ta rufe, ta ɗora a ka, ta nufi gidan Liman. Nan ne dai tun farkon azumi ba ta taɓa kai musu na wani ba.

Matar Liman ta tare ta tun a zaure.

"Subhanallahi! Inna, ke da kanki? Da wannan hannun?"

"Kununku ne. Karɓi, ya yi min nauyi."

"Mu sha guminki kina cikin wannan hali? Allah ya kiyaye. Malam ma ya ce a gaya miki ya sa ki a addu'a." Ta kama ta a hankali ta kafaɗar hagu, ta juya ta, ta rako ta har bakin ƙofa kamar mai raka mara lafiya. "Koma ki sha abinki ki huta. Kin samu faten? Na sa a ƙulla miki da yawa."

Ta dawo da kwanon a ka, cike yadda ta fita da shi. Ta sauke a tsakar gida kusa da tukwane uku na kunu. Ladan ya kira. Ta sa dabino, ta sha ruwa, ta ɗebi kununta ludayi biyu. Ya yi daɗi kuwa, gaya ya nuna, tsami daidai. Sauran ya kwana ya yi tsami, da safe ta ba akuyar Hajiya.

Ledojin nan ba su fasa zuwa ba har aka ga wata. Ta ci, don yunwa ba ta san fushi ba, kuma zubar da abinci da azumi ba halinta ba ne. Har ta ɗan yi kumatu. Bilkisu ta ce alhamdulillahi, mutumin Kaduna ya bugo waya yana yi wa mutanen layi godiya ɗaya bayan ɗaya.

Bana kafaɗar ta yi sauƙi, tana ɗaura ɗankwalinta da kanta, har wanki tana yi. Ran ɗaya ga azumi ta jiƙa wake tun da safe, ta jera kwanuka, ta zauna jiran ta ga ko kwano ɗaya zai shigo, don ta samu abin mayarwa. La'asar ta yi, aka yi sallama, aka dire leda.

Hajiya Juwairiyya har gobe tana ba da labarin yadda ta tsaya wa aminiyarta, kuma wallahi da zuciya ɗaya take faɗa, ba mugunta a ciki ko ta ƙwayar gero. Mutanen layi ma kowa na ganin ya samu lada. Ita kuwa Inna Ummuhani in kin gaishe ta da yamma, sai ta amsa ba ta ɗago ba, tana zaune kan turmi tana kwance bakin leda da haƙori.

To ku da kuka fi ni karatu sai ku gaya min. Matar nan, taimakonta aka yi, ko korarta aka yi?